Hasumiyar Tasalla da Tsohon Jakinta

Ga ta nan, ga ta nanku, kowa ya gyara zama.

Ta zo mu ji ta, Kaka!

Wata tsohuwa ce, Tasalla, mai lambu a bakin fadama. Ba ɗa, ba jika, sai tsohon jakinta Auraki, wanda ya shekara goma sha biyu yana ɗauko mata ruwa. Da rani, in ciyawa ta ƙone, abincinsa ke nan ganyen karas da ɓawon kabeji.

A garin nan, ranar Salla mata kan jera kayan lambu a faifai, a kai dandali a sha kallo. Ba a taɓa yaba na Tasalla ba, abin yana ci mata rai.

Wata shekara da rani, saura kwana uku Salla, sai ga Gizo da tsamin bakinsa.

"Tasayya, gina hasumiya! Ni zan shiga ciki in ɗaure miki da zarena."

Kun san Gizo, ba ya aikin Allah-da-Annabi. Amma tsohuwa ta yarda. Ta jera kabeji a ƙasa, ta ɗora albasa da tattasai, ta kewaye da ganye.

Auraki ya leƙo. "Uwar ɗakina, ɗan ganyen karas."

"Na yi geza da shi. Bari sai bayan Salla."

Kashegari ta ɗora gauta da attarugu. Auraki ya zo yana tangaɗi. "Uwar ɗakina, ko ɓawon kabeji."

"Kai, matsa, kar ka rushe mini! Sai bayan Salla."

Rana ta uku daga turkensa ya yi magana, don ya kasa tashi. "Ko ruɓaɓɓen tumatir."

Ba ta ma ji ba. Tana can tana soka karas guda a ƙololuwa.

Shi kuwa Gizo yana ciki, ƙurus-ƙurus, yana cin tsakiya yana barin baya.

Da aka sauko Idi, Tasalla ta ɗauki faifai. "Kai, ba nauyi!" Ta dai tafi. Mata suka rangaɗa guɗa, ta ji daɗin da ba ta taɓa ji ba. Tana direwa, hasumiya ta rufta. Ba komai ciki sai yanar gizo-gizo. Gizo ya fito da ƙaton ciki ya ranta a na kare.

Karas ɗin ƙololuwa kaɗai ya tsira. Tana tsintarsa ta tuna wanda ya shayar da shi. Ta ruga gida, ɗankwali a hannu.

"Auraki, tashi, Salla ta zo. Ga karas, dukansa naka ne."

Kunnensa bai motsa ba.

Ta zauna a gindin turken ta yi ta kuka, har yanzu in na tuna sai in ji tausayinta. Lambun ma bushewa ya yi, don ba mai ɗauko ruwa.

To, jikokina, wanda ya sha wahala tare da kai, ba shi rabonsa tun yana iya ci. Kada yabon 'yan kallo ya sa ka ce masa sai gobe.

Ƙungurus kan kusu, na ajiye ta nan, Gizo ya ɗauki alhakin.