Bokitan Lauratu Goma Sha Biyu

Akwai wata Lauratu a Funtuwa, gidan haya take zaune, tsakar gidan duk siminti, ko inda kaza za ta yi tono babu. Tsadar kayan miya ta ishe ta, rannan ƙawarta Tasalla ta zo daga Tsiga ta ce, "Ke ga tsofaffin bokitai zube kike kukan tumatir?"

Nan Tasalla ta zauna ta koya mata haɗa ƙasa da rairayi da taki. Ta ja mata kunne: "Abu biyu, ƙawata. Ki huda gindin bokiti da ƙusa mai zafi ruwa ya riƙa fita, in ba haka ba saiwar ruɓewa za ta yi. Kashin kaji kuma sai ya bushe sarai, ɗanye ƙone shuka yake."

To akwai maƙwabciyarta Rabi'atu, baki ba linzami. Kullum sai ta ce, "Sannu sarkin noma! Yaushe tirela za ta zo ɗaukar amfani?" Ran nan ma ruwan wanki ta sheƙa wa attarugun Lauratu, wai ai ruwa ruwa ne. Attarugu ya mutu. Lauratu a ranta cewa ta yi wallahi sai na rama.

Wata biyu da 'yan kai, jama'a ku zo ku ga bokiti goma sha biyu, tumatir ya yi 'ya'ya reshe har yana rinjaya. Sai ga Rabi'atu da 'yar murya: "Lauratu, don Allah a yafi juna, ni ma ki koya min mana."

Lauratu ta ce a ranta yau ga ranata. Ta yi murmushi ta ce, "Ai ba wuya. Kar ki yarda bokiti ya yi yoyo, tumatir ruwa yake so ya kwanta masa. Kashin kaji kuma ɗanye za ki zuba, da ɗuminsa, shi ne mai ƙarfin."

Da ta ba Tasalla labari a waya tana dariya, Tasalla ta ce, "Haba Lauratu, ni haka na koya miki? Je ki gyara maganar nan." Lauratu ta ce sai ta ga bokitan Rabi sun zama taɓo tukun.

Washegari aka kira ta, an kwantar da mahaifiyarta asibiti a Malumfashi. Ta fita a gigice, kwananta goma sha ɗaya tana jinya.

Ranar da ta dawo, tun daga zaure wari ya tare ta. Bokiti goma sha biyu, ruwa ya kwanta baƙi ƙirin, ganye ya yi yaushi, 'ya'yan sun zube. Ga Rabi'atu tsaye idonta taf da hawaye.

"Wallahi ban yi sakaci ba, Lauratu. Da kika tafi na ce bari in kula miki da shukar. Na ga duk bokitanki yoyo suke, na ɗora wuƙa a wuta na liƙe su ɗaya bayan ɗaya da roba, dubi yatsana ma na ƙone. Kullum safe da yamma nake ba su ruwa. Kashin kajin ma har gidan Malam Haladu mai kiwon kaji na je na kwaso ɗanye, yadda kika ce. Nawa ma sun mutu. Ko dai hannuna ne ba kyau?"

Lauratu ta dubi bokitan, ta dubi yatsan Rabi. Zama ta yi daɓas a kan simintin.

Darasi: In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Ilimin da aka ba ka kyauta, kar ka murɗe shi don ramuwa, wata rana da shi za a yi maka hidima. Ku tura wa 'yan uwa su ma su karanta.

Ni dai tambayata, in ke ce Lauratu, za ki iya kallon Rabi ki faɗa mata gaskiya?