Kurege Makiyayin Hadari

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, mu ga inda za ta sauka.

Wata shekara ce ruwa ya makara. An yi sharar gona, an zauna jira, sama kuwa fes kamar an wanke ta. A shekarar ne Kurege ya kamu da son Bushiya. Kullum da la'asar sai ya je zance, ya cinye mata gyaɗa, ya cika ta da alkawari.

Ran nan ta ce, "Malam Kurege, baki dai kana da shi. In da gaske kake, kawo mini hadari gonata. In ba haka ba, kada ka sake taka mini zaure."

Ya ce, "Hadari kawai? Baƙi ko fari?"

Ta ce, "Mai ruwa."

Kurege ya nufi kudu. Tafiya, tafiya, har ƙasa ta ƙare, sai ruwa iya ganin ido. A samansa ga gizagizai garke guda, farare da baƙaƙe, wasu har da tozo. Yana kallo sai wani baƙi wuluk ya zuro dogon baki cikin teku yana zuƙa.

A bakin ruwan akwai wata tsohuwar Ƙaguwa tana dafa ruwan teku tana fitar da gishiri. Kurege ya ce, "Sannu da aiki, Iya. Me wancan yake sha haka?"

Ta ce, "Ɗanɗana ka ji."

Ya ɗanɗana, ya tofar, ya dafe kai. "Gishiri! Ashe shanu ne! Lasa suka zo yi, shi ya sa suka ƙi komawa gida."

Sai ya marairaice fuska. "Iya, ina tausayinki. Garken nan in ya ƙara mako guda, sai ya shanye tekun nan ƙaf, ki koma kwana a busasshen rami. Ba ni gishiri in janye miki su."

Ƙaguwa ta tsorata, ta ce, "Buhu nawa, ɗan nan?"

Buhu ɗaya ya yi niyyar cewa, amma da ya tuna tsadar gishiri a kasuwarsu, sai bakinsa ya ce, "Uku."

Ya ɗora uku a ka, ya juya arewa yana kira, "Taho, Baƙi! Taho, Mai Tozo!" Iska kuwa daman arewa ta nufa, sai hadari ya biyo shi. Kurege ya waiga ya ce, "Kai, ni da kiwo gado ne!"

Taho, Baƙi, taho Mai Tozo, har suka yi nisa. Can sai aradu ta ce tararatsa! Kurege ya ce, "Haba Baƙi, yi haƙuri mu isa gida!" Baƙi bai yi haƙuri ba. Ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Buhun farko ya narke, na biyu ya narke, na uku ma ya bi su, duk suka gangaro ta gashin Kurege har jela.

Da rana ta fito ya bushe, sai ya koma fari fat. Awakin wani ƙauye suka sansano shi. Wannan ta lasa, waccan ta lasa. Ya ce, "Ku dakata, ni ango ne!" Wa ya ji shi? Ya zura da gudu, awaki na binsa, hadari na bin awaki.

Haka ya faɗo zauren Bushiya, rabinsa fari, rabinsa lasasshe, ga buhu uku babu komai ciki. Yana faɗowa ruwa ya sauko a gonarta.

Ya miƙe yana haki ya ce, "Ga shi nan. Mai ruwa, kamar yadda kika ce."

Bushiya ta dube shi sama da ƙasa. "Malam Kurege, shamuwa ta sauka kan rimin can tun shekaranjiya. Ko yaro ya san damina ta zo."

Ya ce, "To wa kike zaton ya aiko ta? Ni na ce ta yi gaba, ki fitar da iri."

Bushiya ta yi dariya har ƙayoyinta suka kwanta. Ta san ƙarya yake. Amma ta dubi ƙafafunsa da suka faffashe, ta tuna babu wanda ya taɓa zuwa ƙarshen ƙasa dominta. Ta jawo tukunyar miya, ta ce, "Matso ka kakkaɓe jelarka a nan, gishirina ya ƙare. Gobe ka turo manyanka."

Shi ya sa har yau in kurege yana gudu sai ya tsaya cak, ya miƙe kan ƙafa biyu yana leƙe. Dubawa yake ko awakin nan sun haƙura.

Ƙurunƙus kan ƙaguwa. In za ku yi ƙarya wurin zance, ku fara duba kan rimi.