Guga na Farko a Rijiyar Kwarin Ɗinya

Ku ajiye wayoyin nan ku saurare ni, don ba zan maimaita ba. Kai mai dariyar can, kai zan fara tambaya idan na gama.

A wata jiha akwai wani gari, Kwarin Ɗinya, rijiyarsu ɗaya tal. A gabas da garin wani kamfanin jimar fatu ya yi shekara ashirin yana binne dattin sinadarinsa a cikin gangunan ƙarfe. Wannan sinadari ba ya ruɓa, tafasawa ba ta kashe shi. Gangunan suka yi tsatsa, abin ya bi ƙarƙashin ƙasa ya shiga rijiya.

A garin akwai wata mata, Tasalla. Ciki uku ta yi, duka ukun suka zube. Ga ta da na huɗu, wata biyar, kuma ba ta da ruwan sha sai na rijiyar nan.

Ana haka aka kawo ƙudirin doka gaban majalisar jihar: duk kamfanin da ya gurɓata ƙasa, shi zai haƙe dattinsa ya kwashe, kuma tun daga ranar da aka sa hannu zai riƙa kai wa mutane ruwa a tanka. Sai dai saura mako uku wa'adin majalisar ya ƙare. Kamfanin kuwa ya riga ya sami mai sayen filin. Idan mako ukun suka wuce babu doka, za su zuba jar ƙasa a kan ramukan su kama gabansu.

Majalisa ta turo masu gwaji su ɗebi ruwa. A nan mutanenmu suka tafka kuskuren da har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci. Mai gari ya leƙa guga, ya ga ruwan da wani kore-kore a cikinsa, ya ce wallahi ba a garinsa za a miƙa wa baƙo wannan ba. Ya zaunar da baƙin a zaure, aka kawo musu fura, ya tura babur ƙauyen gaba aka ɗebo ruwa garau aka cika musu kwalabensu. Mutunci fa yake ganin ya yi! Sakamako ya fito cewa ruwan Kwarin Ɗinya lafiya lau. Lauyoyin kamfani suka riƙe takardar nan suna kaɗa ta a gidajen rediyo.

To, ga mutum na farko. Jatau mai yasar rijiya ne, ya haura sittin. Shekara ashirin da suka wuce shi kamfanin ya ɗauka ya haƙa ramukan da aka binne gangunan, ya kuma ja bakinsa ya yi shiru. Ya san dafin a laka yake kwanciya. Ya sa aka sake kiran masu gwajin, ya ce wannan karon ba za su zauna a zaure ba, a bakin rijiya za su tsaya. Ya ɗaura igiya a ƙugu ya sauka cikin rijiyar, zurfin gaba ashirin. Sau biyu numfashinsa yana ɗaukewa ana jawo shi, sau biyu yana cewa a mayar da shi. A na uku ya fito da bokiti cike da baƙar laka. Daga nan ya kai su ya nuna ramuka tara, ɗaya bayan ɗaya. Kafin kwana bakwai fatar hannuwansa ta saɓule, kuma bai ƙara iya riƙe igiya ba. Amma sabon sakamako ya fito, ya ƙaryata na farko.

Lauyoyi suka sauya baki. Suka ce to, akwai sinadari a laka, amma wa ya taɓa cutarwa? Ina gawa, ina takardar asibiti? Kun san matanmu, ɓari ba abin faɗa ba ne. A binne a bayan ɗaki, a share hawaye, a ce zazzaɓi aka yi.

Ga ta biyu. Iya Tabawa ungozoma ce, shekara talatin da ita ake rufe sirrin kowane ɗaki. Shekaru tana cewa iska ce ke taɓa matan, tana ba su turare. Amma tana da wata igiyar rama da take yi wa ƙulli duk ranar da ciki ya zube a hannunta. Ranar jin ra'ayin jama'a ta shiga zauren majalisa, ta warware igiyar a kan tebur. Wani lauya ya yi murmushi ya ce ƙulli ba shaida ba ne. Sai ta kama ƙullin farko ta faɗi sunan matar, da na mijinta, da watan da abin ya faru. Ta kama na biyu. Haka ta yi ta yi har arba'in da bakwai, uku daga ciki na Tasalla. Wani ɗan jarida ya kifa kai yana kuka. Ta dawo gida ta tarar mata sun juya mata baya, don ta tona su a gaban maza, har a rediyo. Daga ranar babu gidan da ya sake aikawa a kira ta.

Saura kwana ɗaya wa'adin ya ƙare, aka zo kaɗa ƙuri'a. Ga na uku, Alhaji Mamuda, ɗan majalisar yankin. Shekara huɗu yana kan kujera bai taɓa furta sunan rijiyar nan ba, ni kaina na sha zaginsa. Manyan jam'iyyarsa suka kira shi suka ce idan ya goyi bayan dokar, ya manta da takara har abada. Aka ce a tashi tsaye a ƙirga. Masu so sha ɗaya, masu ƙi sha ɗaya, shi kaɗai ya rage a zaune, gumi ya jiƙa masa hula. Wayarsa tana ta ruri a aljihu. Kakakin majalisa ya ce, "Mai girma wakili, kai muke jira." Ya miƙe a hankali, ya taka ya tsaya cikin masu so. Hayaniyar da ta biyo baya ta sa gwamna ya sa hannu a makon. Mamuda kuwa aka kore shi daga jam'iyya, abokansa suka daina amsa sallamarsa.

Kwana huɗu bayan haka tankar ruwa ta shigo Kwarin Ɗinya. Da watanninta suka cika, Tasalla ta haihu, mace, da ranta da lafiyarta. Maƙwabciya ce ta karɓi haihuwar, don surukarta ta rantse Iya Tabawa ba za ta taka gidan ba.

Shekara uku ana haƙa ana kwashewa kafin masu gwaji su ce a buɗe rijiyar. A al'adar garin, duk rijiyar da aka buɗe, ruwan guga na farko mutum ɗaya ake miƙa wa, wanda gari ya fi jin nauyinsa, kuma ba a raba shi. Dattawa suka kasa daidaitawa, sai suka ce Tasalla ta ja, ta ba wanda ta ga dama.

Ta ja gugan, ta juye a ƙwarya, 'yarta tana riƙe da gefen zaninta. Ga Jatau, hannuwansa ko ƙwaryar ba za su iya riƙewa ba. Ga Iya Tabawa can gefe ita kaɗai, babu macen da ta zauna kusa da ita. Ga Mamuda, da ƙafa ya zo. Kowannensu ya yi shirun da ya ci mata 'ya'ya uku, kuma da ɗayansu ya ja da baya, da 'yar nan ma ba ta tsaya a gefenta ba. Ta tsaya da ƙwaryar a hannu tana dubansu ɗaya bayan ɗaya.

To, kai mai dariya, yanzu ka daina. Ku faɗa mini, a gaban wa Tasalla za ta durƙusa da ƙwaryar nan?