Dila a Suwaitar Ƙyale-su

Yaya Tanimu, sanyi ya dawo, kai ba ka dawo ba. Na hura wuta a gindin dalbejiya inda ka saba ajiye motarka. Babu kowa sai ni da karenka, to bari in yi mana tatsuniyar nan taka, wadda ka saka kanka a ciki.

Ga ta nan, ga ta nanku. Tunda kare ba ya amsawa, na amsa da muryarka: ta zo mu ji ta.

Wai an yi wani direba, Tanimu, mai tsohuwar akori-kura, motar nan mai buɗaɗɗen baya. Yana da kare, Ƙyale-su. In ɗari ya sauka, sai ya sa masa suwaita, ya ɗora shi gidan gaba, fasinja kuwa su hau baya. In an yi gunaguni ya ce, "Ku kuna da bakin cewa sanyi. Shi fa?"

Ran nan Dila ya fito daga daji, haƙoransa na kaɗawa kamar kalangu. Ya hango kare cikin suwaita yana hamma.

Ya ce, "Ɗan'uwa, sannu da ƙarshen duniya."

Ƙyale-su ya ce, "Wane ƙarshe?"

"Au, kana zaton ƙauna ce? Ɗumama naman ake yi kada ya yi tauri. Bayan dutsen can akwai kasuwar da ake farfesun irinku."

Kare ya diro daga kujera. Ya tuɓe suwaita, ya faɗa ƙarƙashin kwalbati. Dila ya zura, ya ja wuyanta har kunne, ya haye kujera ya harɗe.

Tanimu ya zo ya ɗaure suwaitar da igiya a jikin kujera, don kada birki ya wurgar da kare. Ya ce, "Ka san doka. Ba ci kafin tafiya, kada ka yi min amai." Ya juya neman ruwan ɗumi. Kafin ya dawo, Dila ya shinshino kilishin da ke ƙarƙashin kujera, ya haɗiye har takardar.

Ashe Kura tana kallo. Mota na tashi ta dira baya, ta shige cikin tamfol. Ta leƙo ta ɗan gilashin baya ta ce, "Dila, na gane jelarka. In an tsaya, ka ba ni rigar in cinye ka, ko in cinye ka da rigar. Zaɓi."

Jikin Dila ya hau ɓari.

Tanimu ya ce, "Sannu, sanyi ne." Ya lulluɓe shi da bargo.

Mota ta faɗa rami, kilishi ya juya a cikin Dila. Dila ya yi nishi.

Tanimu ya ce, "Sannu, sanyi ne." Ya cire hularsa ya kifa masa.

Gumi ya keto, hanci ya fara ɗiga.

Tanimu ya ce, "Ka gani ko? Har ya zama mura." Ya lakato man zafi ya dangwala masa a hanci. Dila ya ga taurari da rana tsaka. Ga igiya, ga ciki, ga Kura, ga jinya.

Sai ya karkata kai ya raɗa, "Kura, ni tausayinki nake ji. An riga an buga waya gaba. Duk garin ya san kina ciki."

"Ƙarya kake, ɗan nema."

"To, ki dai kasa kunne."

Suna shiga tasha, ɗan kamasho ya daka tsalle ya kware baki: "Jama'a! Akori-kura! Akori-kura ta iso!"

Ranar kasuwa ce, mota ta yi wuya. Mutane suka taso ɗuu. Wannan da taɓarya sabuwa, wannan da gatari, wata tsohuwa da damin itace tana cewa, "Ku bar min baya, ni na fara gani!" Wani mahauci ya ce, "Wallahi yau ko ƙafa ɗaya ce sai na samu!"

Kura ta ce, "A kori wa? Ƙafar wa?" Ta yi sama da tamfol a ka, ta bi ta kan mai shayi, ta ture tiren ƙwai. Har yau ba ta dawo da tamfol ɗin ba.

Dila ya ƙyalƙyale da dariya. Dariya ta taso, kilishi ya biyo ta, ya sauka a cinyar Tanimu, har da takardar, ba ta ko yage ba.

Tanimu ya dubi takarda, ya dubi kare. Ya ce, "Amai dai sanyi ne. Amma Ƙyale-su ba ya sata. Yi haushi in ji."

Dila ya buɗe baki ya ce, "Salamu alaikum."

Kafin a ɗauko bulala ya sulale ta wuyan suwaita, ya bar ta ɗaure, ya fice ta taga tsirara. Man zafin nan bai bar hancinsa ba, shi ya sa har gobe in magariba ta yi kake jin dila na kuka.

Ana cikin haka sai ga Ƙyale-su, harshe a waje, ƙafa duk ƙaya. Tun daga gida ya biyo motar da gudu.

Tanimu ya ce, "Kai kuma daga ina?"

Ƙyale-su ya ce, "Na zauna a kwalbati na yi tunani. In ma farfesun ne, gara dai mu tafi tare."

Ƙurunƙus kan ɗan kusu, wanda ya samu ya gasa. Kowa zai hau mota, ya fara tambayar sunanta.

Nan kake tsayawa, Yaya, mu yi ta dariya. Yau ni kaɗai na yi, ba ta yi nisa ba. Ƙyale-su har yanzu in ya ji akori-kura a titi sai ya miƙe, ya bi ta har kwana, ya dawo a hankali. Wannan karon ka tafi ba ka ɗauke shi gidan gaba ba.

Inna tana ta neman koriyar suwaitarka, za ta haɗa da kayan sadaka. Tana jikin Ƙyale-su, na yanke hannayen don ta yi masa daidai. Ban gaya wa kowa ba tukuna.