Raken da Ya Cinye Masarar Marayu

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, manomi ɗan manomi, kuma shi ne babba a ɗakinsu. Mahaifinsu ya rasu ya bar musu gona shimfiɗaɗɗiya a bakin rafi, irin wadda ko sanda ka kafa sai ta yi ganye. Magada uku ne: shi, da ƙanwarsa, da tsohuwarsu. Ba a raba gadon ba, domin kowa ya san gefensa. Ƙanwar nan mijinta ya rasu ya bar ta da yara ƙanana. Ta dawo gida tana noma masara a nata gefen, da ita take ciyar da su daga kaka zuwa kaka.

Shi kuwa Allah bai ba shi haihuwa ba, marayun nan su ne 'ya'yansa. In ya dawo daga gona, kafin ya ajiye fartanya sun rufe shi, wannan ya hau wuya, wancan ya zura hannu a aljihu. Kwano ɗaya suke ci. Matarsa takan tsokane shi ta ce shi da ƙoshi sai dai ya ji labari, don kafin ya gama wanke hannu yaran sun ga gindin kwano.

Sai aka shiga wahalar mai. Kun san ta, ba sai na ba ku labari ba. Layin motoci tun daga gidan mai har ya sha kwana, direba ya ci ya yi salla ya yi gyangyaɗi a layi, in an zo kansa a ce ya ƙare. Ana cikin haka wani kamfani ya kafa masana'anta a bayan gari, aikinsu fitar da etanol daga rake. Etanol wani ruwa ne mai kama wuta. Ana matse rake, a bar ruwan ya yi tsami, a tace, a gauraya da fetur, sai man ya ƙara auki, mota ta sha ta kama hanya. Na san wani zai ce, Malam, ai wannan ɗan uwan giya ne. To, mota ce ke sha, kuma ban taɓa jin an rubuta wa mota zunubi ba. Kada wani ya fita daga nan ya ce na zagi rake.

Kamfanin yana da tsarinsa. Ba ya hulɗa da mai ɗan ƙaramin fili. Babbar gona yake so, a haɗe, wadda tarakta za ta shiga ta juya, da mutum ɗaya da za a riƙa magana da shi. Mutumin nan ya tsaya ya dubi gefensa, ya ga bai kai ba. Ya dubi na ƙanwarsa, ya dubi na tsohuwarsu. A nan Shaiɗan ya same shi, kuma bai sha wata wahala ba.

Ya je ya ce wa kamfani gonar duka tasa ce. Bai shawarci kowa ba. Ranar da tarakta ta zo, masarar ƙanwarsa ta yi goyo, saura kaɗan a ci. Matar nan ta iso da gudu ta tarar ana kife masarar cikin ƙasa.

Ta ce, "Yaya, me nake gani haka? Abincin yaran nan ne fa. Ka bari ko a cire ta mana."

Ya ce, "Kamfani ba ya jiran masara. Ke ba ki san inda duniya ta dosa ba. In rake ya yi, buhu nawa za ki iya ci?"

Rake ya yi. Ba ta ga buhu ba, ba ta ga tiya ba. Bana ya ce taki ya cinye riba, baɗi ya ce 'yan ƙwadago ne. Tsohuwarsu ta kira shi ɗakinta ta ce, "Ɗan nan, ba haka ubanku ya bar ku ba. Ka mayar wa yarinyar nan gefenta." Ya ce, "Inna, ke dai ki ci ki yi salla, maganar gona ta fi ƙarfinki." Tsohuwa ta dube shi, ba ta ƙara cewa komai ba. Ya 'yan uwa, wallahi faɗan uwa ya fi shirunta sauƙi.

Da yunwa ta yi yawa, ƙanwar ta kwashe yaranta ta koma wani gari, tana yi wa mutane wanki da guga. Tsohuwa ta ɗaure kayanta ta bi su, ta ce inda marayu suke can za ta zauna. Matarsa ta riƙa sayen hatsi a ɓoye tana aika musu. Ranar da ya gane, ya ce ta zaɓa, ko shi ko su. Ta ce, "Ni ban zaɓi kowa ba, Maigida, amma gidan nan ya yi mini shiru da yawa." Ta tafi gidansu, shi kuma girman kai ya hana shi biko.

Kada ku zaci nan da nan Allah ya kama shi. Sam. Duniya ta buɗe masa. Ya ja katanga, ya sa ƙofar ƙarfe, ya sayi mota. In ya tsaya shan mai, sai ya buga bayan motar ya ce wa mai zuba masa, "Rakena ne ke tafiya da ita." Da yamma ya shiga gida ya ja ƙofa. Babu mai hawa wuyansa, babu mai yi masa sannu da zuwa. Yanzu kwanon nasa ne shi kaɗai, ya ci ya ƙoshi har ya bar saura. Yakan kunna rediyo, ba don yana saurare ba, don dai a ji murya a ɗakin.

Shi rake, in an sare shi ba ya jira. Dole a kai shi wurin matsa da wuri, in ba haka ba ya bushe, nauyinsa ya ragu, zaƙinsa ya juya. Saboda haka lokacin sara manomin rake ba shi da lokacin kowa. A irin wannan lokaci ne ƙanwarsa ta kira shi a waya ta ce, "Yaya, jikin Inna ya yi tsanani, kai take ta tambaya." Ya ce, "Ki ce mata in na kai wannan lodin ina tafe." Ya kai lodin, wani lodin ya taso. Aka sake kira, ya ga lambar ya mayar da wayar aljihu. Yana kan layin sikeli a bakin masana'anta, yana gardama a kan nauyin rakensa, aka kai mahaifiyarsa makwancinta.

Kunya ta hana shi zuwa ta'aziyya a ranar. Washegari kunyar ta ƙaru. A haka ta yi ta ƙaruwa har ta zama katanga, ya daina tunanin tsallake ta.

Shekaru suka shuɗe. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Mai ya wadata, farashinsa ya faɗi, masu gauraya shi da etanol suka ga ba riba. Ga motoci masu aiki da gas sun fara yawa, ga kekuna masu batir sun cika titi. Sauran manoma, masu iyali da abokan shawara, suka riƙa rage rake suna mayar da wani gefen ga hatsi. Shi wa zai ba shi shawara? Da wa yake zama? Ya sa aka sare gonar kakaf, aka loda, ya shige gaba a motarsa. Ya tarar da ƙofar masana'anta da sarƙa. Mai gadi ya leƙo ya ce, "An tsayar da aiki, Baba. Ba a faɗa maka ba?"

Wannan rake ba irin na sha ba ne. Siriri ne mai tauri, ko yaro ka ba kyauta sai ya tausaya wa haƙorinsa. Babu mai saye. Direbobi suka gaji da jira suka juye masa shi a ƙofar gida. Ya yi tsami, ƙuda da zuma suka taru, masu wucewa suna toshe hanci. 'Yan ƙwadago suka watse, dama aiki ya tara su.

Ya ce to, bari ya koma masara. Amma saiwar rake ba ta fita da daɗin rai. Sai tarakta, ko hannaye da yawa. Kamfani ya tafi da taraktarsa, hannaye kuwa shi ya kore su da kansa. Ya shiga da fartanya shi kaɗai, ga tsufa, ga ciwon baya. In ya tone nan, ruwa ya sauka, can ya tofo. Gona ta zama duhuwa, gidan ɓera da maciji. Ya sayar da mota ya ci, ya sayar da abin da ke ɗaki ya ci.

Daga ƙarshe ya nemi gidan ƙanwarsa, da tambaya ya kai. Ya yi sallama, wata budurwa ta fito, ƙaramar marayun ce. Ta gaishe shi da ladabi ta ce, "Wa za a ce?" Ya ce, "Ki ce yayanta ne." Yarinyar ta dube shi ta ce, "Mama tana da yaya?"

Ƙanwar ta fito, ita ma furfura ta kama ta. Ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo ruwa, ta gaishe shi gaisuwar baƙo.

Ya ce, "Na zo in mayar miki da gonarki. Har da tawa, in kina so."

Ta ce, "Wa zai noma ta, Yaya? Babban ɗana gyaran batirin keke yake yi, mai bi masa tela ne. Babu wanda ya san riƙon fartanya a cikinsu."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, ki yafe mini."

Ta ce, "Nawa na yafe tuntuni, don in sami barci. Na yara, sun girma, sai ka nemi kowa da bakinsa. Amma Inna, har ta cika idonta yana kan ƙofa. Duk motar da ta tsaya a waje sai ta ce, ga shi nan. Wannan ba ni da ikon yafe shi."

Babu wanda ya kore shi. Babu kuma wanda ya ce ya kwana. Ya koma gidansa mai katanga, ya zauna da gonarsa, duka tasa, babu mai ja da shi. Wata rana maƙwabta suka lura an daɗe ba a ga ƙofar ƙarfen ta buɗe ba. Suka haura, suka same shi a ɗaki rai ya yi halinsa. Da aka zo wanka aka ce ina danginsa, sai aka yi ta kallon-kallo.

Ya 'yan uwa, me ya halaka mutumin nan? Rake ne? Faɗuwar farashin mai ce? Wasu ma sun noma rake, kamfanin ya rufe a kansu, suka koma gida suka tarar da masu ce musu sannu, suka haɗa hannu suka tone saiwar. Shi ya ci gadon 'yar uwarsa, ya kife abincin marayu, ya yanke zumunci, ya bar uwa tana kallon ƙofa. Abin da mota ke sha yana canjawa, yau fetur, gobe rake, jibi batir. Uwa ba ta da madadi, ɗan uwa ba a haƙo shi a rijiya.

Ina tambayar kowa a nan, har da ni mai magana. Gefen wa ka haɗa da naka? Wa ke kiranka kana cewa sai ka kai wannan lodin? In mai haƙƙin yana da rai, tashi ka je yau, tun yana da bakin da zai ce na yafe.

Allah ya raba mu da cin haƙƙin maraya, ya sa mu rabu da iyayenmu lafiya, kada ya bar mu mu kaɗai da abin da muka tara. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye zuriyarmu. Amin.