Kaza da Tankin Hankaka

Yara, ku matso ku ji dalilin da ya sa kaza ba ta shan ruwa kai a sunkuye. Ta kurɓa ta ɗaga kai sama, ta sake kurɓa ta sake ɗagawa. A da ba haka take ba. Kafa baki take yi ta sha har ta ƙoshi, kamar akuya.

A wancan zamani akwai wata kaza mai suna Tabawa, a ƙauyen tsuntsaye da ake kira Unguwar Ƙaiƙayi. Ruwan ƙauyen kaf kududdufi ɗaya ne. A cikinsa shanun makiyaya ke tsayawa su sha su yi fitsari, a cikinsa agwagi ke wanka, shi ne kuma na sha. Ruwan ya yi kore, har wari yake. Duk shekara Tabawa ta ƙyanƙyashe 'yan tsaki, sai gudawa ta kwashe rabinsu.

Da abin ya ishe ta, ta je wurin maƙwabciyarta Kulu, wata zabuwa mai zafin nama.

Ta ce, "Kulu, na gaji da binne 'ya'ya. Ga ƙafa Allah ya ba mu. Mu tona rijiya."

Suka tara kaji da zabi suka kama tono a gindin wata bishiyar gawo. Suna ta yi har ƙasa ta fara danshi. Ana cikin haka sai ga Hankaka ɗan kwangila ya sauka, farin ƙirjinsa fes kamar sabuwar shadda. Ya leƙa ramin ya girgiza kai.

"Haba Iya! Rijiya a wannan zamani? Ai an wuce nan. Rijiyar burtsatse zan yi muku, da tanki a sama, da famfo. Murɗawa kawai za ku yi. Ku cike ramin nan, a nan ƙafafun tankin za su tsaya."

Kulu ta ce, "Yaya Tabawa, mun fa kusa ruwa."

Amma kalmar famfo ta riga ta shiga kunnen Tabawa. Da ƙafafunsu suka mayar da ƙasar da suka tone.

Aka kafa tanki can sama, aka shafe shi da shuɗin fenti, aka zana hoton Hankaka a jikinsa yana murmushi. Ranar buɗewa aka yi kiɗa, aka yi jawabai har rana ta take. Da aka murɗa famfo sai ga ruwa fari ƙal. Tabawa ta sha ta ba 'ya'yanta, hawaye na zubo mata don daɗi.

Kashegari ta sammako da tulu. Ta murɗa, famfo ya yi tari ya yi shiru. Ta zagaya gindin tankin ta shiga tono, sai ga ƙarshen bututun da ya kamata ya kai ruwa tankin, an dai soka shi a yashi kamar kara. Babu rijiya, babu inji. Wata balbela da ke kusa ta ce mata, "Ai mu muka cika shi jiya da safe. Daga rijiyar wani gari muka yi ta jigila da ƙoƙo."

A makon nan aka koma kududdufi, kuma gudawa ta ɗauke mata autanta. Tabawa ta nufi masaukin Hankaka da faɗa.

"Ranka ya daɗe, ina ruwanmu? Ka sa mun cike rijiya, ga shi na binne ɗana."

Hankaka ya yi mata ta'aziyya har da share ido. Sa'an nan ya ce, "Iya, kashi na farko na aikin ke nan aka gama. Ruwa yana kashi na biyu. Kuma irinki muke nema, mai kishin jama'a. Daga yau na naɗa ki Uwar Tanki. Ki sa masa ido, kada ki yi sakaci. Da kin ga ya fara ɗiga, ke za ki fara sanar da duniya. In kika kau da kai ruwa ya zo ya wuce, laifinki ne."

Ya ɗaura mata jan ƙyalle a ka, maroƙa suka yi mata kirari. Tabawa da ta zo da faɗa sai ta koma gida tana taku ɗai-ɗai. Da yamma Hankaka ya kwance kan famfon ya tashi da shi, wai akwai wani ƙauye da ke jiran bikin buɗewa.

Kulu ta zo ta ce, "Yaya, mu koma mu tona wata."

Tabawa ta ce, "Wa zai duba tanki in na sunkuya a rami? Ni fa yanzu mai muƙami ce."

Kulu ta kwashe 'ya'yanta ta shige daji, ta bar ta. Tabawa kuwa ƙishirwa ta kai ta bakin kududdufi. Ta kurɓi ruwan kore, ta yi maza ta ɗaga kai ta dubi tanki. Shiru. Ta sake kurɓa, ta sake dubawa. Haka ta koya wa 'ya'yanta, su ma suka koya wa nasu.

To, shi ya sa har wa yau in kun ajiye wa kaza ruwa a kasko, kowace kurɓa sai ta kalli sama. Manya kan ce godiya take wa Allah. Godiya kam tana yi. Amma tanki take dubawa, ko kashi na biyu ya iso.