Zaren da Suhaib Ya Fito da Shi Daga Kogo

Da sunan Allah Mai fitar da bayinSa daga duffai zuwa haske, tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen halitta da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, wannan kaɗan ne daga abin da idona ya gani game da Shehinmu, malami masani, kogin fiƙihu da tafsiri, mai tsantseni da gudun duniya, wanda ya yi shekara da shekaru a wani ɗan flat kusa da masallacin Regent's Park bai taɓa ɗaga murya a kan almajiri ba, Allah Ya ƙara masa yarda. Ba zan ambaci sunansa ba, domin ya hana. Ni kuwa sunana Nata'ala, direban bas ne, kuma duk wanda ya san ni ya san ba na cinikin biri a sama. Ko karamomin da ake faɗa a zaure, sai in yi shiru in ce Allah Shi ne masani.

Ina da ƙanwa, Saudatu, tana zaune a Peckham, mijinta ya rasu ya bar ta da ɗa guda, Suhaib, haifaffen London, mai karatu a jami'ar da ke Aldwych. Yaro ne mai ladabi, amma duk lokacin da na ce ya biyo ni karatun Shehu sai ya samo uzuri, don haka ko fuskar Shehu bai taɓa gani ba. Da aka yi hutu sai ya ce shi da abokansa sun yi booking za su wani lardi na kan duwatsu, can ƙuryar Asiya, inda ake zuwa kallon ɗakunan bauta da koguna da ƙabilun da ke zaune a kan tsaunuka. Na ce masa, "Kai yanzu ga Makka ga Madina, sai kallon gumaka za ka kashe wa kuɗin jirgi?" Ya yi dariya ya ce, "Kawu, it's just a trip." Raina bai kwanta ba, amma uwarsa ta yarda, ya tafi.

Wata safiyar Asabar, Suhaib yana can, muna gaban Shehu ana karatu, yana jan carbinsa a hankali kamar yadda ya saba, sai ya tsaya a tsakiyar jimla, ya runtse ido, gumi ya keto masa a goshi alhali ɗakin da sanyi. Can sai muka ji tas, carbin ya tsinke, ƙwayoyin suka watse a kan kafet. Ni na durƙusa na tsince su ɗaya bayan ɗaya, amma zaren da aka shirya su a kai, da dogon ƙwayar nan ta kai da ake kira liman, sama ko ƙasa. Na ɗaga kafet, na leƙa ƙarƙashin kujera, har aljihun na kusa da ni na yi wa kallon tuhuma, Allah Ya yafe mini. Shehu ya buɗe ido ya ce, "Bar nema, Nata'ala. Ka ajiye ƙwayoyin a wurinka, zaren yana hanya." Ya ci gaba da karatu daga inda ya tsaya.

Da Suhaib ya dawo, sai ga shi ya rame, ga wani farin zare da ya yi jaja-jaja da ƙasa ɗaure a wuyan hannunsa. Kafin nan hotunan tafiyar sun riga sun zaga dangi a waya: mutanen wurin kowa da farin zare a hannu, wanda masu jajayen mayafai suke ɗaura wa mutum a ɗakin bautarsu, kuma al'adarsu ba a yanke shi sai ya faɗi da kansa. Saudatu ta ɗauko almakashi, yaro ya ɓoye hannu a baya ya ce ba za a yanke ba. Innalillahi! Ai nan hankalinmu ya tashi.

Labarin da ya ba mu shi ne, wai ya shiga wani kogo mai zurfi, ya rabu da abokansa, fitilar wayarsa ta mutu, ruwa ya fara tasowa har gwiwa. Wai yana cikin kalmar shahada sai ya ji an sa masa bakin zare a hannu, wata murya ta ce da Hausa, "Riƙe nan, ɗan Saudatu," aka ja shi a hankali har ya ga haske. Wai da ya fito bai ga kowa ba sai zaren a hannunsa, wasu mutanen tsauni masu noman shinkafa suka tsince shi, suka shanya masa kaya, suka ba shi dafaffen ƙwai da suka gane ba ya cin namansu. Kuma wai ya yi wa Allah alkawari ba zai yanke zaren ba sai ya mayar wa mai shi.

Na dube shi na ce, "Hausa? A cikin kogon Asiya? Yaro, faɗa mini gaskiya, wane ganye suka ba ka ka sha?" A raina na gama yanke hukunci cewa an yi masa wankan tsafi ne, ya ƙago wannan tatsuniya don ya rufe mana baki. Saudatu kuwa kuka take yi, ta rantse in Juma'a ta zo zaren yana hannunsa za ta ɗaga masa nono, ta sallama shi duniya da lahira. Na san ƙanwata, ba ta rantsuwar wasa, kuma shi kaɗai gare ta.

Ranar Alhamis bayan la'asar na tasa su gaba zuwa wurin Shehu, ba don na gaskata yaron ba, sai don a karya abin da aka yi masa. Har zan fita sai na tuna ƙwayoyin nan, na sa su a aljihu in mayar. Muka yi sallama, Shehu ya amsa daga ciki, sai na ga Suhaib ya ƙame a bakin ƙofa, ya ce muryar da ya ji a kogon ke nan. Ban yarda ba tukuna, na ce a raina yaran London sun iya wasan kwaikwayo.

Shehu ya ce, "Matso, ɗan Saudatu. Ka kawo mini ajiyata?" Yaron ya durƙusa ya miƙa hannu yana hawaye. Shehu ya taɓa ƙullin da yatsa biyu, ya warware ba wuƙa ba almakashi, sai ga wani abu ya sulluɓo daga ƙarƙashin wuyan hannun, inda hannun riga yake rufewa. Limamin carbin ne, da 'yar tsagar nan a gefe da na shekara ina gani. Shehu ya ce, "Nata'ala, kai ne mai bincike, kai za ka shirya." Na zauna ina zura ƙwayoyin, jar ƙasar kogon tana goguwa a yatsuna, suka cika zaren cif, ba ragi ba ƙari. Wallahi ban san lokacin da na fara kuka ba.

Suhaib ya buɗe baki zai yi godiya, Shehu ya ɗaga hannu ya ce, "Zare ba ya ceto, ni ma ba na ceto. Allah ne Ya fitar da kai, kuma ka riƙa yi wa mutanen da suka ciyar da kai addu'ar alheri." Sa'an nan ya juya ga Saudatu, ya sunkuyar da kai ya ce, "Malama, safiyar da carbin nan ya tsinke kina kan sallaya kina cewa, ya Allah ga marayanKa. Wannan roƙon aka amsa. Bakin da ya roƙa aka ba shi, kada ya koma ya tsine."

Saudatu ba ta taɓa faɗa wa kowa wannan addu'ar ba. Ta rarrafa ta kamo hannun ɗanta, daidai inda zaren ya bar masa shaida, ta riƙe da hannu biyu tana cewa, "Allah Ya yi maka albarka, Allah Ya yi maka albarka," har muryarta ta dishe.

Wannan shi ne abin da na gani, ni da ba na yarda sai na taɓa, kuma na taɓa. Allah Ya ƙara wa Shehinmu kusanci da ɗaukaka, Ya tsawaita kwanansa cikin ɗa'a, Ya ba mu albarkacin bayinSa na gari, Ya tsare mana 'ya'yanmu a duk ƙasar da ƙafarsu ta taka, Ya kuma kama harsunan iyaye a lokacin fushi. Amin, ya Rabbal alamin.